Gidan Tarihin Tsibirin Ellis a New York

Gidan tarihin nan, inda aka tantance baƙi sama da miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954, ya cancanci kuɗin jirgin ruwan zuwa, domin yana rushe zaton cewa mutanen dā sai da suka sha jiran biza kafin su shiga Amurka. Yawancinsu sun iso ba biza, kuma kusan kashi 2 cikin ɗari kawai aka mayar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsofaffin akwatunan da aka jibge a ƙasa, kayan talakawa, tunda masu tikiti mai tsada a cikin jirgi ake duba su. 'Yan Sin kuwa, wata dokar Amurka ta 1882 ta riga ta toshe wa ma'aikatansu ƙofa.