Na yi odar Krokodil, ya iso min da karyayyen ƙaho

Jama'a sati bakwai na yi ina jiran kwalin nan, sati bakwai cif, kullum sai na buɗe waya na duba inda ya kwana. Masu tara ƙananan jiragen ƙasa sun san mai sayarwar da nake nufi kuma sun san kuɗin da yake yanka, ba sai na faɗa ba matata tana shigowa nan. Abin da na yi oda shine ɗan ƙaramin samfurin Krokodil, kan jirgin lantarkin nan na Suwizalan mai dogon baki gaba da baya wanda shi yasa suka raɗa masa kada, lambarsa Ce 6/8 II, sikelin 1:87 wato an rage girmansa sau 87, tsawonsa bai wuce santimita 22 da ɗoriya ba. Ba don yara na saya ba duk da haka na ce a gida. Don Baba na saya, tsohon fayaman ne a reluwe, ƙuruciyarsa duk a bakin wutar kan jirgi ta ƙare yana sheƙa kwal ɗin Inugu da shebur.

Ranar da ya iso na kira Baba da yaran muka zauna a tabarma, na yanke salatif a hankali kamar mai fiɗa. Ina ɗaga soson ciki sai ga ƙaho ɗaya a kwance gefe guda, ya cire daga rufin gaba ɗaya, ɗayan kuma ya lanƙwashe. Fantogiraf ake ce masa, wannan ƙarfen da yake miƙewa sama ya shafi waya ya jawo wuta, ni dai ƙaho nake ce masa. Wallahi sai da naji jiri. Kwalin waje lafiya lau ko ƙwarzane babu, kenan tun can aka cusa shi a haka, ko kuma an cusa shi da ƙahon a tsaye aka danna murfi.

Na ɗauki hoto na tura wa mai sayarwar. Sai bayan kwana biyu ya amsa, wai oga ka kwantar da hankali ai ado ne kawai, jirgin ta dogo yake shan wuta, ko babu ƙahon zai yi tafiya. Ado! Nan ne raina ya ɓaci fiye da karyewar kanta. Na yi masa sakon murya na minti shida, na san bai saurara ba shi yasa zan maimaita a nan.

Malam duk rigimar da injiniyoyi suka kwashe shekara arba'in suna yi a kan wannan ɗan ƙarfen take. Yadda za a kai wa jirgi wuta yana cikin gudu, shine matsalar tun farko, motar lantarki, wato injin da ke juya ƙafafun, ai an daɗe da iya haɗa ta. Werner von Siemens da ya nuna nasa a baje kolin Berlin a 1879 ɗan mitsitsi ne, direba a kansa yake zama kamar jaki, tarago uku yake ja a kan dogo mai zagaye na mita 300, wutarsa bolt 150 kuma ta wani dogo na uku a tsakiya take zuwa. To wannan ne mai shan wuta ta ƙasa. Idan irinsa nake so da shi zan yi oda. Ni na 1920 na biya, wanda bolt dubu 15 ke gudu a saman kansa, kuma babu mahaukacin da zai shimfiɗa bolt dubu 15 a ƙasa inda mutane da shanu ke takawa, dole a rataye ta sama, dole jirgi ya miƙa hannu ya taɓo. Cire ƙahon nan ka mayar min da kaya baya shekara arba'in kace min ado.

Kuma ba a banza aka kai ga waya ɗaya ba. A Italiya layin Valtellina da aka buɗe a 1902, aikin Kálmán Kandó na kamfanin Ganz a Budapest, tiri fes suka yi, wato wuta mai layi uku, bolt dubu 3, wayoyi biyu a sama dogo ya zama na uku. Yana da ƙarfi ba laifi amma duk inda layi ya rabu sai an yi ta dabara kar wayoyin su haɗu, ga shi gudunsa a ƙayyade yake, mataki ne ba ka da tsakani. Jamusawa ma da tiri fes suka yi gwajin su tsakanin Marienfelde da Zossen a 1903 har suka haura kilomita 210 a awa, a 1903 fa, amma wayoyi uku suka jera a gefen layi, abin da ba zai yiwu a bi duk ƙasa da shi ba. Mutanen kamfanin Oerlikon na Suwizalan ne suka dage a ɗan layin Seebach zuwa Wettingen daga 1905 har suka nuna singil fes waya ɗaya tak zai yi, in dai an rage saurin juyin wutar don kar motar ta riƙa tartsatsi. Daga nan aka samo tsarin da Krokodil ke sha. Duk wannan na zuba masa a saƙon, amsar da na samu ɗan yatsa ne a sama.

A daren na rubuta wa mai sayarwar makin tauraro ɗaya na ajiye ban tura ba.

Washegari Baba yace kai dai haɗa mana mu gani. Na jera dogon a falo, na jona taransifoma, nan ma sai da na aika yaro ya sayo adafta don filoginsa mai baki biyu ne ba irin soket ɗinmu ba kuma ba wanda ya gaya min. Na ɗora shi na murɗa kaɗan. To jama'a gaskiya ɗaya ce, abin nan yana tafiya kamar an zuba masa man shanu. A hankali ya tashi ba fizga, fitilun gaba uku suka kama, da ya zo kwana sai bakin gaba ya karkata shi kaɗai, tsakiya ta biyo, bakin baya ya biyo, gaɓa uku kamar mai rai. Nan na gane sunan da kyau, hoto bai taɓa nuna min haka ba. Na gaskiyan haka aka yi shi saboda kwanonin Gotthard, hanyar da take hawa dutse tana murɗawa cikin ramuka har ana cewa a Wassen sau uku fasinja ke ganin coci ɗaya. Kan jirgi mai tsawon sama da mita 19 da nauyin tan 128 in sandararre ne ba zai sha waɗannan kwanonin ba.

Baba kuwa ba gaɓar ya kalla ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya kai fuskarsa dab da ƙafafun yana kallon sandunan ƙarfen da suka haɗa su suna sama suna ƙasa, yace wannan ai ƙafar namu ce, ina tukunyar? Nace Baba babu tukunya, babu kwal, babu fayaman. Na yi masa bayani cewa motocin lokacin manya ne ba sa shiga tsakanin ƙafafu, sai aka zaunar da biyu a kowane baki, su juya wani gindi shi kuma ya tura ƙafafun da sanduna irin na jirgin kwal, taransifoma mai nauyi a tsakiya inda direba yake. Ya yi shiru can yace to su wa ke shan hayaƙin? Nace ai hayaƙin ne ya fara kore ku Baba. A Baltimore ta Amurka a 1895 kamfanin Baltimore and Ohio ya sa kan jirgin lantarki na General Electric ya riƙa jan jiragen kwal ta ramin Howard Street saboda hayaƙi yana neman kashe mutane a ciki, wannan ne karo na farko a babban layi. A New York kuma sai da aka yi karo a ramin Park Avenue a Janairun 1902, direba bai ga sigina ba don hayaƙi, mutane suka mutu, sannan aka yi dokar hana jirgin kwal shiga daga 1908. Ramin Gotthard shi kilomita 15 ne. Baba ya riƙe baki, yace mu da muke fili ma sai mu kwana muna kakin baƙi, kilomita goma sha biyar a cikin dutse, Allah Ya jiƙan fayamansu.

Su Suwizalan ma ba tausayin fayaman ne ya fi tura su ba, ba su da kwal na kirki, a yaƙin duniya na farko ya yanke musu, ga ruwa yana zubowa daga duwatsu a banza, sai suka gina tashar wuta a Ritom suka rataya waya, zuwa ƙarshen 1920 jirage na hawa daga Erstfeld zuwa Biasca da lantarki. Guda 33 aka ƙera na wannan samfurin tsakanin 1919 da 1922, jikin daga Winterthur kayan wuta daga Oerlikon. Baba yafi awa yana murɗa shi gaba da baya yana hana jikokinsa taɓawa, har aka ɗauke wuta jirgin ya tsaya cak a kwana, yace kaga namu ba ya haka. Dariyar da muka yi a ranar ita ta sa na goge tauraro ɗayan, na ce huɗu zan ba mai sayarwar, mutum ne kowa na kuskure.

Sai da na zo mayar da shi kwali na lura da wani abu kuma. Ruwan ƙasa na yi oda. Na koma na duba hirarmu, ga shi nan ƙuru ƙuru na rubuta ruwan ƙasa, kalar da suka fito da ita tun farko kafin daga baya a mayar da su kore, har ya amsa min da to. Kore ya turo. Zafin ƙahon ne ya rufe min ido kwana biyu ban ma gani ba. Da na yi magana wai kore ai yafi fita a hoto kuma shi mutane suka fi sani. Ni mutane ne? Takardar bayanin ciki ma fotokwafi ce rabin shafi ya yanke, ƙaramar ledar kayan gyara da ake sakowa babu ita, abin da ya sa nake zargin ba sabo bane kamar yadda ya rantse.

Ƙahon da ya lanƙwashe na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa, ya maƙala gilashinsa a ido ya miƙe shi da hantsaki cikin minti goma, yanzu yana tashi yana sauka har da ɗan sifirin ɗinsa, da na tambayi kuɗi yace Alhaji bar shi kawai ka kawo min jirgin gaba ɗaya na gani yana tafiya. Ƙahon da ya cire kuwa dattijon yace ƙafarsa ɗaya ta gutsure, dalma ba za ta riƙe ba, sai dai sabo.

Don haka jirgin kansa biyar, ba na ƙwauron ta, wanda ya ƙera shi ya san aikinsa. Mai sayarwa biyu, ɗayan ma don kayan ya iso ne. Yace ya sako sabon ƙaho a kayan da za su zo ƙarshen wata, wannan ƙarshen watan na biyu kenan da ya faɗa. Kafin nan na juya jirgin a kan kanta gefen mai ƙaho yana kallon ƙofa, Baba kuma ya riga ya ce ko an kawo ko ba a kawo ba ɗakinsa za a mayar da shi.