Gargaɗi ga masu fili a bakin ruwa a Legas: a kula da masu gina katangar tare ruwa

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan uwanmu ne mazauna Legas, musamman waɗanda suka sayi fili a bakin ruwa ta wajen Aja, Badore, Langbasa har zuwa Ibeju-Lekki. Akwai wani mutum da ke yawo da sunan injiniya yana karɓar aikin katangar tare ruwa. Ba zan kama suna ba don maganar tana hannun lauya, amma zan faɗi yadda ya yi mana sakiyar da ba ruwa.

Yayana yana da fili a Badore wanda bayansa ya jingina da ruwan lagun, wato babban tafkin nan na Legas. Kowace damina sai ruwa ya ɗan gutsiri ƙasa. Ana cikin neman mafita wannan bawan Allah ya ɓullo, da hular kwano da Hausarsa rangaɗaɗau. "Alhaji, ai mu 'yan gida ne, ba zan bari a cuce ka a garin nan ba." Ya buɗe waya yana nuna hotunan ayyukansa. Daga baya muka gane wasu hotunan na katangar Eko Atlantic ne (sabon birnin da aka cike teku ake ginawa a Legas), wadda aka tsara tsawonta ya haura kilomita 8, aka jibge ta da curin kankare mai nauyin tan 5 kowane ɗaya. Mutumin da ko injin kwaɓa siminti haya yake ɗaukowa!

Kuɗinsa bai kai rabin na sauran 'yan kwangila ba. Ya karɓi kashi 60 cikin 100 kafin alƙalami, ya ƙara da kuɗin takardar izini, wai na NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da na ma'aikatar da ke kula da gaɓar ruwa ta jihar Legas. Ya kawo wata takarda mai hatimi, fotokwafi. Da muka kai ta Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar Legas, daga baya, aka ce ba a taɓa buɗe fayil da sunan filin ba.

Laifinmu ɗaya, kuma dole in faɗa. Mu da muka taso a Arewa, katangar da muka sani ita ce ta gida: a haƙa tushe, a jera bulo, a yi shafe. Da wannan idon muka riƙa duba aikin, muka ga katanga ta miƙe sumul, muka ce madalla. Akwai ranar da na tarar da lebura yana ɗibar ruwan lagun da bokiti yana zubawa a kwaɓi. Na yi magana, mutumin ya yi dariya ya ce, "Malam, ruwa ai ruwa ne." Na yi shiru. Har yau shirun nan yana ci mini rai.

Ba a rufa shekara biyu ba jan ruwan tsatsa ya fara zubowa a jikin katangar. Sai wani rami ya buɗe a bayanta, daidai inda mai gadi ke ajiye bencinsa, har ƙafar bencin ta nutse. Muka kira injiniya na gaske. Ya buga guduma sau biyu, kankare ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ga rodi nan kwance dab da fata. Ya murza shi da yatsa yana marmashewa. A takardar kwangila an rubuta rodi mai milimita 16, abin da ke ciki mai 10 ne.

Shi ya warware mana abin. Ruwan lagun a haɗe yake da teku, da rani gishirinsa ƙaruwa yake yi. Gishirin yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa a aikin ruwan gishiri ake barin kaurin kankare aƙalla milimita 50 a kan rodi, ake kwaɓi mai ƙarfi da ruwan daɗi da yashin da ba gishiri. Ramin kuma matsalar bayan katangar ce: ba a bar ƙofofin da ruwan sama zai tsiyaye ba, ba a shimfiɗa ƙyallen nan mai tace ruwa ya riƙe ƙasa ba, don haka duk cika da janyewar ruwa sai ya zuƙe yashi ta ƙarƙashi. Ba ƙarafan da ke ɗaure katanga da tudu, ba duwatsu a gindinta. Duk abin da ido ba ya gani bayan an cike da yashi, shi ɗan kwangilar ya cinye kuɗinsa.

Da muka kira ɗan kwangilar, bai ma ji kunya ba. Cewa ya yi akwai wani fenti daga waje da ke kashe tsatsa, a turo kuɗi ya shafa. Da aka ce ya zo a zauna da lauya, layinsa ya daina shiga. Ofishin da ya taɓa kai Yaya kuwa, ashe shagon wani dillalin gidaje ne.

Duk wanda irin wannan ya zo masa, ya nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya tantance, ya duba kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kada a yarda da hoto. Ɗan kwangilar ya kai ku aikinsa da ya yi shekara biyar a cikin ruwa, ku je lokacin da ruwa ya janye, ku gana da mai wurin. Kuɗin izini ku kai da ƙafarku ku karɓi rasit. A biya daki-daki, kuma kada a bari a zuba kankare ko a cike bayan katanga sai injiniyan da ku kuka ɗauka ya auna rodi ya gani.

Mu dai yanzu buhunan yashi muka jera a bakin ramin. An ce sai an rushe katangar gaba ɗaya, kuma kuɗin rushewar da kwashe ɓaraguzai daga cikin ruwa a kan Yaya yake.