Catan: cinikinsa ya burge ni, ɗan fashinsa ya ɓata mini rai

Abin da ya fi ba ni mamaki a wasan Catan, wanda ake yi a kan allo da katuna, shi ne yadda ciniki ya mamaye shi tun daga farko har ƙarshe. Ƙwaya biyu ake jefawa irin ta ludo, amma jifar ba ta tafiyar da kowa ko'ina. Iyakarta ta nuna filin da ke ɗauke da lambar da ta fito, wanda zai ba da amfani a wannan zagayen, ko katako, ko tubali, ko alkama, ko ulu, ko tama. Allon wasan tsibiri ne da aka haɗa da filaye 19 masu kusurwa shida, kuma da wuya mutum ya samu dukkan kayan nan biyar a wuraren da ya kafa ƙauyukansa, saboda haka dole ya buɗe baki ya nemi musaya a wurin abokan hamayyarsa. Wanda ya ƙirƙiro wasan, Klaus Teuber, Bajamushe ne mai sana'ar haɗa haƙoran roba, kuma a shekarar 1995 da wasan ya fito ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara ta Jamus. Ban ga laifin alƙalan ba.

A zaman da muka yi kwanan baya, ƙanena ya kafa ƙauyuka biyu a kan filayen tubali, waɗanda uku ne kacal a allon, sannan ya kama tashar ruwa da ke karɓar tubali biyu ta ba da duk abin da mutum yake so. Tunda ba a shimfiɗa hanya sai da tubali da katako, mu ukun da muka rage muka koma roƙo. Maƙwabcina, mutumin da ba ya yawan magana, sai ga shi yana cewa, "Haba malam, alkama biyu da ulu ɗaya fa na sa maka, albarka kake nema ko me?" Ƙanena kuwa ya ƙi sallamawa har sai da aka ƙara masa tama. Wannan ja-in-ja ita ce daɗin wasan, domin kowa ya san cewa idan ya juya wa teburi baya ya nufi banki, wato ma'ajiyar katunan kayan da ba na kowa ba, kati huɗu zai bayar ya karɓi ɗaya.

Sai dai a wannan zaman ne kuma na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Duk lokacin da jimillar ƙwayoyin ta ba da 7, babu filin da ke ba da komai, wanda ke riƙe da kati fiye da bakwai zai zubar da rabi, mai jifar kuma ya ɗauki ɗan fashi, wani ɗan mutum-mutumi da ke kan allon, ya ɗora a filin da ya ga dama ya toshe shi. Lambar 7 ce ta fi kowace yawan fitowa, sau 6 cikin 36 a lissafi, alhali 6 da 8 da ake rububinsu sau 5 ne kowace. An ɗora mini ɗan fashin a kan dutsena mai lamba 8, inda nake sa ran tara tama uku da zan haɗa da alkama biyu in mayar da ƙauye birni. Takwas ta yi ta fitowa ina kallo. Da aka ɗauke shi, kafin zagaye ya dawo kaina an sake mayar da shi, ba don ina kan gaba ba, sai don ni ne ba na iya ramawa. Mutum ya zauna kusan rabin wasa hannunsa wayam, ba shi da abin sayarwa balle ya shiga cinikin da ya sa ya so wasan, wannan aibi ne a tsarin, kuma ban yarda da masu cewa laifin sa'a ne kawai ba. Katin barde yana korar ɗan fashi, amma shi ma sai an saye shi da tama, wadda ita ce aka toshe mini.

Daga baya mun yi yarjejeniya cewa ba za a ɗora ɗan fashi a kan wanda bai wuce maki biyu ba, kuma hakan ya rage zafin abin sosai, har tseren zuwa maki 10 ya fi armashi. Duk da haka ina ganin bai kamata mai saye ne zai gyara wa wasa doka ba bayan kuɗin da ya zuba.

Maganar kuɗi kuwa ta tuna mini da wanda ya sayar mini ta intanet. Katunan da ya aiko sirara ne, gefensu ya fara tashi tun kwalin bai tsufa ba, kuma launin jan tubali da na tama sun dushe har sai an ƙura ido a hasken fitila. Wasan mutum uku zuwa huɗu yake ɗauka, mu kuwa a zaure mun fi haka, ga shi ƙarin kayan da ke ba mutum biyar ko shida dama daban ake sayar da su. Zan saya saboda ’yan’uwa sun matsa, amma ba a hannun wancan mutumin ba, kuma sai na taɓa katunan da hannuna kafin in biya.