VISITECT CD4 ga mai ƙanjamau da sankarar kaluluwa: ya yi a matakin farko, bai isa ɗakin kemo ba

VISITECT CD4 Advanced Disease ɗan katin gwajin jini ne mai kama da na zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2020, kuma yana cikin kayan da asibitocin Nijeriya ke amfani da su wajen gano masu ƙanjamau da cutar ta yi nisa a jikinsu. Ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Amsarsa ɗaya ce tak: ƙwayoyin CD4, wato fararen ƙwayoyin garkuwar jiki da ƙanjamau ke kashewa, sun haura 200 a kowane mikrolita na jini, ko ba su haura ba.

Aikinsa yana cin minti 40. A zuba jini mikrolita 30, na yatsa ko na kwalba mai murfi shuni, a ramin A. Bayan minti 3 a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan gwajin a wannan ramin, a jira minti 17, sannan a sa ɗigo uku a ramin B, a ƙara jira minti 20. Daga nan sai a gwada duhun layuka biyu da ke fitowa a katin, layin T da layin 200. In T ya fi duhu, mutum yana sama da 200. In sun yi daidai ko T ya fi haske, yana ƙasa. In layin C, mai nuna katin ya yi aiki, bai fito ba, katin ya lalace, a sake.

Inda ake yawan samun matsala shi ne lokaci da ido. Ma'aikaci ɗaya mai layin marasa lafiya a gabansa zai iya mance ɗigo na biyu, don haka kowane kati ya samu nasa agogon. Idan layukan biyu sun kusa yin kama, mutum biyu na iya karanta su daban, kuma kuskuren katin ya fi karkata ga cewa mutum yana ƙasa da 200 alhali ya haura. Ga kuma zafi: ba a so ma'ajiyarsa ta wuce digiri 30, abin da ke da wuya a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu.

Ga mai sankarar kaluluwa, wato limfoma, amfanin katin taƙaitacce ne. Nau'inta da aka fi gani a masu ƙanjamau shi kansa ya sa mutum a mataki na huɗu, wato na ƙarshe, na ƙanjamau, ko me CD4 ya nuna. Abin da katin ke ƙarawa shi ne a ranar nan take a san ko za a yi gwajin CrAg na ƙwayar da ke kawo wani nau'in sanƙarau ga masu raunin garkuwa, da gwajin fitsari na tarin fuka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kafin a fara maganin da zai ƙara kwantar da garkuwar jiki.

Amma likitan sankara lamba yake nema. Mai CD4 190 da mai 30 duk amsa ɗaya katin zai ba su, alhali tsakaninsu akwai tazara mai nisa. Ƙasa da 50 ne haɗarin mutuwa ta kamuwa da cututtuka ke ƙaruwa idan an haɗa maganin limfoma mai suna rituximab da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, kuma a nan ne aka fi ganin limfomar ƙwaƙwalwa. A ɗaya gefen, amsar “sama da 200” kada ta sa a saki jiki da kumburin wuya ko na ciki mai saurin girma, domin nau'in Burkitt yakan zo ne tun CD4 bai faɗi sosai ba.

Da an fara kemo kuwa, lissafin ya sauya. Magungunan, har da prednisolone, suna rage rukunin fararen ƙwayoyin jinin da CD4 ke cikinsa gaba ɗaya, sai adadin CD4 ya faɗi ko da mutum yana shan TLD ɗinsa, wato maganin ƙanjamau, kullum ba fashi. Kason CD4 cikin ɗari ya fi tsayawa wuri ɗaya, katin kuma ba ya ba da shi. Wanda ya ga “ƙasa da 200” a tsakiyar kemo ya ce maganin ƙanjamau ya daina aiki, ya yi kuskure. Gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne ke raba wannan gardama. Haka nan katin yawa kawai yake dubawa, bai san ƙarfin ƙwayoyin ba, bai kuma ganin ƙwayoyin B, wani ɓangare na garkuwar jiki, da rituximab ke sharewa na tsawon watanni. Shi ya sa ake ba da cotrimoxazole, maganin kare kamuwa da cututtuka, 960mg kullum a duk tsawon kemo ba tare da jiran amsarsa ba.

Shawararmu: ƙaramin asibiti ya yi amfani da shi a ranar farko, ya rubuta amsar a takardar tura mara lafiya. Asibitin da zai ba da kemo ya ɗauki jini a auna da na'ura mai ba da cikakken adadi da kaso kafin zagaye na farko, tare da gwajin ciwon hanta nau'in B, domin rituximab na iya tayar da shi.