Ɗakunan Mesopotamiya da Farisa a Gidan Tarihin Birtaniya: Ka Fara Daga Sama

Mai son ganin daulolin da suka tashi tsakanin kogin Dijla da Furat, wato Mesopotamiya, da idonsa, da wuya ya sami inda ya kai British Museum da ke titin Great Russell a Landan. Shiga kyauta ne. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe a rufe ƙarfe 5 na yamma, ranar Juma'a kuma har 8:30 na dare. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa su ne Tottenham Court Road da Holborn da Russell Square. Gara ka yanki tikitin kyauta ta intanet kafin ka tafi, domin layin ƙofa yakan yi tsawo, kuma ba a shiga da babbar jakar tafiya mai taya.

Babban aibin wurin shi ne yadda aka rarraba kayan. Sassaƙen Assuriya suna ƙasa, ɗaki na 6 zuwa na 10, saboda nauyinsu. Ƙananan kaya suna can sama: ɗaki na 56 ya ɗauko daga shekara ta 6000 zuwa 1500 kafin Miladiyya, na 55 daga 1500 zuwa 539, na 52 kuma na tsohuwar Iran ne. Wanda ya bi ayarin jama'a zai fara cin karo da Assuriya, ya ƙare ƙarfinsa a nan, sannan ya hau sama a gajiye ya tarar da Sumer, wadda ta girme ta da shekara kusan dubu biyu. Tarihin sai ya zo masa a kife. Maganin abin: hau bene kai tsaye zuwa 56, shiga 55, sauko Assuriya, sannan ka koma sama ka rufe da Farisa. Hawa biyu ne, amma ya cancanci wahalar. Ka ware awa huɗu.

A ɗaki na 56 kayan maƙabartar sarakunan Ur, wani birnin Sumer, ne suka fi jan ido, waɗanda Leonard Woolley ya haƙo a aikin da ya yi tsakanin 1922 da 1934. Akwatin da ake kira Tutar Ur tsawonsa kimanin rabin mita ne kawai, shi ya sa mutane ke wuce shi da sauri. An yi shi wajen 2500 kafin Miladiyya da ɓawon kifin teku da jan dutse da shuɗin dutsen lazuward da aka kawo daga Afghanistan, aka liƙa su da kwalta. Daga layin ƙasa ake karanta shi zuwa sama. A fuskar yaƙi, dubi kekunan ƙasa masu taya huɗu: dabbobin da ke jan na farko tafiya suke yi, na gaba sun fara sassarfa, na ƙarshe suna sukuwa bisa gawarwaki. A layin sama an zana sarki ya fi kowa tsawo har kansa ya keta iyakar zanen. Zagaya bayan gilashin ka ga fuskar liyafa. Da yawa ba sa zagayawa. Kusa da shi akwai allon wasan dara na Ur mai gida 20, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 7, da bunsurun zinariya da ya miƙe ya dafa itace.

A nan ne kuma giɓin gidan yake. Akkad, daular Sarki Sargon ta wajen 2300 kafin Miladiyya da ake lissafawa a matsayin daula ta farko, ba ta da kaso mai yawa: hatimai da alluna ne akasari. Dutsen nasarar Naram-Sin yana Louvre a Faris, haka ma dutsen dokokin Hammurabi da aka tono a Susa a 1901. Ƙofar Ishtar ta Babila kuwa tana Balin. Wanda ya zo don waɗannan ukun ya ɓata hanya.

Ɗaki na 55 na mai haƙuri ne. Allunan yumɓu ne jere a kan kanta, daga taskar littattafan Sarki Ashurbanipal ta Nineba, wadda gutsattsarinta suka haura 30,000. Wutar da Babilawa da Midiyawa suka cinna wa birnin a 612 kafin Miladiyya ita ce ta gasa da yawa daga cikinsu har suka iso gare mu. Nemi Allon Ruwan Ɗufana, na 11 a labarin Gilgamesh, wanda George Smith ya karanta a 1872, da taswirar duniya ta Babilawa, da'ira ce da ruwan gishiri ya kewaye. Rubutun mai kama da kawunan ƙusoshi ba ya fitowa idan ka tsaya masa fuska da fuska, domin da tsinken kara aka danna shi cikin ɗanyen yumɓu, inuwa ce ke nuna shi. Karkata gefe, haske ya faɗo a kaikaice, sai layukan su bayyana.

Sai ka sauko inda gidan ya yi fintinkau. Ƙofar Assuriya na da dodanni masu fukafukai da kan mutum, daga fadar Ashurnasirpal na II a Nimrud, wanda ya yi mulki daga 883 zuwa 859 kafin Miladiyya. Ƙirga ƙafafunsu, biyar ne. Ta gaba za ka ga dabba a tsaye cak, ta gefe kuma tana tafiya. Kusa da su akwai Baƙin Dutse na Shalmaneser na III, inda aka nuna Yehu, sarkin Isra'ila, ya faɗi yana gaisuwa, da ƙofar Balawat. Katakon da ke tsaye kwaikwayo ne, amma maɗauran tagulla na asali suna cikin gilashi, kuma su ne abin kallo. A ɗakuna na 7 da 8 rubutu ya ratsa tsakiyar kowane allon dutse, ya bi ta kan tufafin mutanen. Magana ɗaya ce ake maimaitawa, kirarin sarki da nasarorinsa. Asali duk da fenti suke, kuma in ka duba takalman wasu za ka ga ragowar ja da baƙi. Rashin launin nan na sa baƙo ya ɗauka fadar fara ce fat, alhali ba haka take ba.

Ɗaki na 10 kashi uku ne, kuma shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. A sashen Lakish an sassaƙa yadda Sennakerib, sarkin Assuriya, ya ci garin a 701: tudun ƙasa da aka tara jikin ganuwa, motar fasa bango tana hawa, mutanen gari suna jefo wuta, wani soja a ciki yana kwara ruwa da dogon ludayi kada fatar rufin ta kama. A ƙarshe sarki na zaune bisa karaga ana gabatar masa da ganima, amma an farfashe fuskarsa da gangan. A sashen Khorsabad bijimai biyu na Sargon na II ne, kowanne kimanin tan 16. Sunkuya ka dubi gindin ɗaya: wani ya karce allon wasan nan mai gida 20 a jikin dutsen, ana kyautata zaton masu gadin ƙofa ne, shekara kusan dubu biyu bayan na Ur.

Farautar zakuna ta Ashurbanipal, wadda aka sassaƙa wajen 645 zuwa 635, ita ce ƙololuwa. Ba farautar daji ba ce. Zakunan a keji aka kawo su, ga yaro nan a saman kejin yana ɗaga ƙofa, shi ma cikin nasa ɗan kejin don kariya, ga sojoji da garkuwa da karnuka sun kewaye fili. Fuskar sarki ba ta motsi ko kaɗan, amma masassaƙin ya zuba duk gwanintarsa a kan dabbobin. Zakanyar da kibiya ta ratsa gadon bayanta, tana jan ƙafafun baya da suka mutu alhali na gaba na tsaye, ba a ganinta a wuce da sauri. Lura da ɗamarar sarki a wasu wuraren: alƙalamin rubutu ne soke a ciki. Wurin matsattse ne kuma haskensa kaɗan, in ayarin 'yan yawon buɗe ido ya shigo ba ka ganin komai, don haka yammacin Juma'a ya fi dacewa da shi. Wajibi ne kuma a duba shafin gidan ranar tafiya, domin akan rufe wasu ɗakunan Assuriya na ɗan lokaci. Waɗannan duwatsu tun zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa aka kwaso su, bayan Austen Henry Layard ya fara haƙa a Nimrud a 1845, kuma muhawarar inda ya kamata su zauna ba ta mutu ba. Abin da ya rage na fadar Nimrud a Iraƙi kuwa, 'yan ƙungiyar ISIS sun tarwatsa shi a 2015.

Ɗaki na 52 ya yi wa Farisa kaɗan, idan aka tuna daularta ta miƙe daga Masar zuwa kogin Indus. Mulmulallen yumɓun Sairus, sarkin Farisa, wanda aikin haƙan Hormuzd Rassam ya gano a Babila a 1879, tsawonsa santimita 22 ne kacal. Da harshen Babilawa aka rubuta shi bayan cin birnin a 539. Yana zagin Sarki Nabonidus na Babila, yana cewa gunkin Marduk ne ya zaɓi Sairus, kuma Sairus ya mayar da gumaka da mutanensu garuruwansu. Kiran sa takardar haƙƙin ɗan Adam ta farko magana ce da gwamnatin Shah, sarkin Iran, ta yayata wajen 1971. Masana na ganinsa a matsayin rubutun da sarakunan yankin suka saba binnewa a harsashin gini. Dukiyar Oxus na nan ma, kaya kimanin 180 na zinariya da azurfa, cikinsu har da ɗan keken doki na zinariya mai dawaki huɗu. Dogayen sassaƙen Persepolis da ke jikin bango yawancinsu kwafin filasta ne da aka ɗauko a 1892, don haka karanta takardar kowanne kafin ka ɗauki hoto. Kada ka fita ba ka nemi hatimin Sarki Dariyus ba: ɗan dutse ne da bai kai yatsa ba, sarki a kan keke yana harbin zaki tsakanin itatuwan dabino, da sunansa cikin harsuna uku, Farisanci na da, da Elamanci, da Babilanci.