Wata bakwai ina koyon zane da ibisPaint X a tabulet, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na ɗora zanen ƙunshin nan a sitatus ake ta tambayata wai da me na yi shi, wasu har cewa suke daga intanet na kwafo, toh wallahi da hannuna na zana shi, a kan tabulet, da wata manhaja da ake ce wa ibisPaint X. Shi ne yau na ce bari in zauna in rubuta komai a wuri guda tunda amsa wa kowa ɗai-ɗai ya fara min yawa, kuma wata bakwai kenan kusan kullum sai na buɗe ta, ina ganin zan iya faɗin abin da idona ya gani.

Ni mai ƙunshi ce, a wani ƙauye nake ta wajen Birnin Kudu. A hannun Gwaggo na koyi sana'ar tun ina 'yar firamare, na salatif da na zane duka ina yi. Da can littafin rubutu nake saya in dinga gwada fulawa da jan biro, in ya cika in ajiye in sayi wani, kuma kun san biro, in layi ɗaya ya karkace shikenan an ɓata shafi. Yayana da ke nema a Kano shi ya kawo min tabulet ɗin, ta hannu ce ya samo a kasuwar waya ta Farm Centre, Android ce mai ram giga 3 (ram shi ne ƙarfin da na'ura ke ɗaukar aiki da shi), ba wata ta a zo a gani ba, ya ce in dinga nuna wa masu zuwa ƙunshi hotuna a ciki su zaɓa. Maganar zane ma ba ta zo masa a rai ba, ni ce na ga wata a YouTube tana zana fulawa a kan gilashi kamar wasa, na kwana ina tunanin abin.

Da na fara bincike sunan da na fi ji shi ne Procreate, kowa ita yake yabo, sai daga baya na gane ita wannan a iPad kaɗai take aiki, wani kamfani ne a Ostireliya ya yi ta, kuma sayenta ake yi kusan dala 13. Toh mu da muke da Android wannan ba tamu ba ce, kada wani ya ce miki zai tura miki ita ta waya. Akwai Sketchbook, akwai Krita, akwai MediBang Paint, duk suna Play Store, na ɗan taɓa biyu daga ciki kafin na tsaya a kan ibisPaint X. Ita daga Japan take, tun 2011 aka fito da ita, kuma saukewa kyauta ne. Ta kyautar da talla take zuwa, buroshi, wato alƙaluman zanen da ke cikinta, da yawa za ki gansu a kulle, in kin kalli gajeren talla ɗaya sai a buɗe miki su na wasu awanni. Ni wannan tsarin ya min, domin in na samu sabis da yamma can bakin titi na kalli tallan, sai in koma gida in yi ta aiki da su. Zanen kansa ba ya neman data, a ɗaka ma inda ko layi ɗaya na sabis babu ina zanawa lafiya lau.

Abin da ya fara sace min zuciya shi ne komawa baya. Ki ja layi bai yi miki ba, ki taɓa gilashin da yatsu biyu, layin ya ɓace, in kuma kin fasa ki taɓa da yatsu uku ya dawo. Ranar farko Inna na zaune kusa da ni tana gyaran zogale tana kallona, na zana ganye na goge, na sake zanawa na goge, can ta ce, "Ke 'yar nan, wannan wane irin allo ne da ba a wanke shi da ruwa?" Na ce Inna shi da kansa yake wankuwa. Ta miƙo hannu ta shafa gilashin ta duba yatsanta ko tawada ta kama. Har yau allo take ce masa. Ni kuwa abin da wannan komawa bayan ya yi min babba ne, domin tsoron ɓata takarda shi ke sa hannun mai koyo ya ƙage, yanzu ganye ɗaya sai in ja shi sau talatin ban yi asarar komai ba, kuma a ja na talatin ɗin nan hannu ya riga ya san hanya.

Amma fa kada in yaudare ku, satin farko na sha wuya. Gilashi ba takarda ba ne, santsi gare shi, layin da nake ja a miƙe da biro a nan sai ya fito yana rawa. Maganinsa yana cikin manhajar, akwai wani abu mai suna sitabilaiza, shi ke daidaita rawar hannu, daga 0 ne zuwa 10. Ni a 6 ko 7 nake barinsa in zan yi lanƙwasar fulawa, in na kai shi ƙarshe sai in ji layin yana biyo ni a baya a hankali kamar ana jansa. A wurin dai akwai wani saiti da ke sa farkon layi da ƙarshensa su sirance, ya fito kamar yadda lalle ke fita daga bakin leda in kin ɗaga hannu. Wannan saitin shi ya cece ni, domin biron da nake da shi irin mai kan roba ne na araha, bai san an danna da ƙarfi ko a hankali ba, masu wannan sanin suna da tsada kuma ba kowace tabulet ke karɓarsu ba.

Sai kuma leya, wanda shi ne na daɗe ban gane ba kuma shi ne gaba ɗaya sirrin abin. Ki ɗauka kin samu fararen ledoji masu garai-garai kin jera su ɗaya a kan ɗaya, ki yi zanen gwaji a ta ƙasa, ki bi shi da layi mai tsafta a ta sama, launi kuma a wata daban a tsakaninsu. In launin ya ɓaci shi kaɗai za ki goge, layinki na nan ba abin da ya taɓa shi. Kusan sati uku a leya ɗaya nake tara komai, in zo goge launi in haɗa da layi in zauna ina jin haushi. Ranar da na gane, da Dagin Arewa na gwada, tunda shi igiya ce ke bi ta sama ta koma ta ƙasa, na sa kowace igiya a leyarta, inda ya kamata ɗaya ta nutse sai in ɗan goge ta a daidai wurin, ya fito cif kamar na jikin bangon gidan sarki. Yadda nake yi yanzu, zanen gwajin sai in rage masa haske ya dusashe zuwa kamar kashi 30, sannan in hau leya sabuwa in bi a nutse. Wajen zuba launi akwai bokiti, ki taɓa cikin ganye ya cika, sai dai ki tabbatar layin ya haɗe, in akwai ƙofa babba launin zai malale ya cika shafin duka.

Ga 'yan uwana masu ƙunshi da masu zanen hula da masu aikin zare, ku nemi rular da ke maimaita zane. Akwai mai yi kamar madubi, ki zana dama hagu ya fito da kansa, akwai kuma mai zagaye da za ki ce mata gida 8 ko 12, ki ja ganye ɗaya ya fito a duka gidajen lokaci guda. Fulawar tsakiyar tafin hannu da nake ɓata rabin awa ina aunawa a takarda, yanzu minti biyu na ga yadda za ta zauna. Ƙanina mai ɗinkin hula da ya gani rannan bai ba ni tabulet ɗin ba sai bayan isha'i.

Inda abin ya fara kawo min kuɗi kuwa wajen amare ne. Kafin azumin da ya wuce an yi biki a maƙwabtanmu, amarya ta zo da ƙawayenta kowa na faɗin tata, wannan ta ce a cika hannu har gwiwa, waccan ta ce a'a yanzu ba a yayin cikawa. Sai na ce mata, "Amarya kawo hannunki," na ɗora shi a kan farin zani na ɗauki hoto, na shigar da hoton cikin manhajar, na buɗe leya a samansa na zana mata kala biyu, ɗaya cikakke ɗaya mai sarari. Akwai saitin leya da ake ce wa maltifilai, in kin sa shi launin lallen sai ya shiga cikin fatar hoton, har layukan tafin hannu ana gani ta ƙarƙashinsa, ba kamar an manna takarda ba. Ta riƙe tabulet ɗin ta daɗe tana kallon hannunta da ƙunshin da ba a riga an yi ba, sannan ta ce, "Anti wannan na biyun nake so, amma a ƙara min ɗigo a yatsu." Na ƙara a take ta gani. Duk wadda ta taɓa yi wa amarya baƙin lalle ta ce bai mata ba bayan ya kama, ta san darajar wannan.

Wahalhalun da na fi sha ba daga manhajar suke ba, daga kayan aikina ne da yanayin garinmu. Na farko tafin hannu. In kin kwantar da hannu a gilashi kamar yadda muka saba a takarda, tabulet irin tawa ɗauka take zane kike, sai ki ga ɗige-ɗige a gefe. Tsohuwar safar hannu na samu na yanke yatsu uku na bar ƙaramin da na kusa da shi a rufe, shikenan magana ta ƙare, kuma tana hana gumi manne hannu lokacin bazara. Na biyu wuta. Mu nan sai a yi kwanaki ba a kawo ba, caji sai shagon mai sola, kuma zane na cin batir fiye da kallon bidiyo in kin ƙure hasken gilashi. Da rana tsaka a watan Afrilu tabulet ɗin zafi take ɗauka har sai na ajiye ta kusa da randa ta huce, shi ya sa na mayar da lokacin zanena bayan asuba da kuma dare. Da hunturu kuma ƙura ce, ki goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin ki fara, in ba haka ba kan biron roban nan zai dinga jan yashi yana karce miki shi, birona na farko ma wata biyu ya yi kansa ya tsage. Na uku girman shafi, kada ki ɗauki babba sosai in ram ɗinki kaɗan ne, yawan leyar da za ki samu raguwa yake kuma na'urar sai ta dinga nauyi. Ni matsakaici nake ɗauka ya ishe ni.

Wani abu kuma da nake so, manhajar na naɗar duk abin da kika yi tun daga layin farko, in kin gama ta nuna miki shi a bidiyo mai sauri. Na mayar da shi malamina, in kalla in ga inda na daɗe ina gogewa, nan ne hannuna ke da rauni, gobe shi zan maimaita. Kuma da bidiyon na rufe bakin masu cewa kwafowa na yi. Rubutun ciki a tawa da Turanci yake, amma yawanci alamomi ne, buroshi da abin gogewa da bokiti duk hotonsu ne a jere, wadda ta iya WhatsApp za ta iya wannan. Suna da darussa a YouTube, in na shiga Birnin Kudu na samu sabis mai ƙarfi sai in sauke biyu ko uku in zo gida in bi su a hankali, ko ban ji duk abin da ake faɗa ba ina ganin inda ake taɓawa.

Wasu sun tambaye ni batun zana masu rai. Ni dai fulawa nake zanawa da ganye da dagi da adon bango, kwanan nan na fara gwada rumbu da bishiyar kuka da ke bayan gidanmu don in koyi haske da inuwa, wadda take son wuce nan ta tambayi malamai ta ji. Kukar nan ma ta koya min abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake wucewa ta gindinta, ashe inuwar jikinta da safe ba baƙa ba ce, wani toka-toka ne mai ɗan shuɗi, sai da na ɗauki hoto na ɗora yatsa a wurin manhajar ta ɗauko min launin sannan na yarda.

In za ki fara, ki fara da abin da ke hannunki, ko waya ce tana yi, sai dai ƙanƙantar gilashi za ta sa ki yawan zuƙowa. Buroshi ɗaya ki riƙe na wata guda kada yawansu ya ruɗe ki, ni har yau uku nake amfani da su cikin dubban da ke ciki. Kuma duk zanen da kika gama ki fitar da shi a hoto ki tura wa kanki ko wata 'yar uwa, na'ura ba ta da tabbas. Yanzu haka zane 40 da ɗoriya na tara, ina so in Allah ya kai mu bayan kaka in kai su Dutse a buga min a takarda in haɗa littafi, saboda iyayenmu mata da ke rako amare sun fi son abin da za su riƙe a hannu su buɗa. Wanda na gwada bugawa sau ɗaya jan ya fito da duhu fiye da yadda yake a gilashi, don haka kafin in tafi sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗan ƙara musu haske.