Farantin dahuwa da na sa aka ƙera min a kasuwar Katako

Yayana da ke Kanada ya nuna min a bidiyo yadda suke dafa ruwan itacen mapul, wajen lita 40 ne ke ba da lita ɗaya ta siro, wato ruwan zaƙi mai kauri, wai sirrin faranti mai faɗi ne, ruwan kar zurfinsa ya wuce santimita 5. Sai na sa wani maƙeri a Katako ya yi min irinsa da inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, don ruwan rake. Wallahi tafasa kamar me, abin da tukunya ke cinye min yini kafin azahar na gama, in dai itace busasshe ne faskare sirara. Amma hannuwan gajeru ne, sun ƙona ni sau biyu, kuma in ruwa ya ja ka kau da ido ya kama.